Allura Uku A Rana Ɗaya: Jikin Yaro Zai Ɗauka Kuwa?

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk yaron da ya cika wata tara da haihuwa a Nijeriya, ko a Kano aka haife shi ko a Agege, ƙa'idar hukumar lafiya ta ce a kai shi asibiti a yi masa allurar rigakafi uku a zama ɗaya, watau ta ƙyanda, wadda waɗansu ke kira baƙon dauro, da ta cutar shawara, da kuma ta sanƙarau. To, a nan ne fa ake yawan samun ja-in-ja tsakanin iyaye da malaman asibiti. Uwa tana ganin an jera sirinji uku a faranti sai hankalinta ya tashi, ta ce a yi masa ɗaya yau, sauran kuwa sai wani mako in ya huta. Da dare maigida ya dawo daga kasuwa ya ji labari, ya ce ai ta yi daidai, wa ya taɓa ganin an ɗura wa jinjiri magani uku lokaci guda.

Wannan tsoro ba na wauta ba ne, domin kuwa likitoci da kansu sun yi wannan tambaya tun fiye da shekara hamsin da suka wuce, kuma wani ɓangare na amsar a kan 'ya'yan Nijeriya aka samo shi. Sabo da haka na ga ya kamata in kawo wa 'yan'uwanmu mazauna Kurmi abin da aka gano, da daɗinsa da rashin daɗinsa, don kuwa ɗan baƙo ya fi kowane yaro bukatar a gama masa allurarsa a ranar da aka kai shi.

Dalili kuwa shi ne, yaron da iyayensa ke zaune a Sabon Badun, ko Shagamu, ko Idi-Araba a Ikko, ko Anacha, yana da gida biyu, kowane gida kuma da irin cutarsa. Cutar shawara sauro ne ke kawo ta, ta kuwa sha ɓarkewa a kudu da tsakiyar ƙasa. Ta yi mummunar ɓarna a Oju ta Jihar Binuwai a 1986, ta faɗa Ogbomosho a 1987. Bayan an daɗe ba a ji ɗuriyarta ba, ta sake ɓullowa a Jihar Kwara a 2017, sai Edo a 2018, sai Ebonyi da Bauchi a 2019, sai Delta da Inugu a 2020. Sanƙarau kuwa namu ne na gida, lokacin bazara yake zuwa, daidai lokacin da ake yawan kai mata da yara ganin dangi. Annobar 1996 kaɗai ta kama mutum fiye da 100,000 a arewacin Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Ita ko ƙyanda ba ruwanta da kudu ko arewa, duk inda yara suka taru tana nan, har cikin motar da ta ɗauko su.

Bindigar allura

Mai karatu ya dubi dantsen mahaifinsa ko na kakarsa, mai yiwuwa ne ya ga tabon lamba. Wannan tabo na rigakafin agana ne. A 1967 aka fara wani babban yaƙi a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, da taimakon gwamnatin Amurka, don kawar da agana da kuma rage ƙyanda. Ma'aikata suna bin gari gari da wata na'ura da ake takawa da ƙafa, tana harba magani cikin fata ba tare da tsinin allura ba, tsofaffi suna kiranta bindiga. Babba a yi masa ta agana ya wuce, ƙaramin yaro kuwa a yi masa ta agana da ta ƙyanda a tsayuwa ɗaya. Ba wanda aka ce wa ya je ya dawo, domin ayarin ma'aikatan ba ya kwana biyu a ƙauye ɗaya. Kafin ƙarshen 1969 an yi wa mutum miliyan 100 lamba a waɗannan ƙasashe, a watan Mayu na 1970 kuwa aka ga agana ta ƙarshe a yankin duka, a nan Nijeriya.

A cikin waɗannan shekaru ne aka gwada abin da muke magana a kai. A 1973 mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi a kan yaran Nijeriya, inda aka yi musu allurar agana da ta ƙyanda da ta shawara rana ɗaya, kowace a wurinta dabam. Da aka auna jininsu daga baya, sai aka tarar jikinsu ya karɓi dukan ukun yadda ake so. Amma akwai wani abu da ya ɗaure wa likitocin kai. Yaran da aka ƙara musu ta huɗu, watau haɗin rigakafin tarin shiƙa da mashaƙo da sarƙewar haƙora, waɗanda ta ƙyanda ta kama jikinsu sun ragu daga kashi 89 cikin ɗari zuwa kashi 70. Ba su ɓoye wannan ba, suka rubuta shi, suka ce a yi hattara. Aka yi ta sake gwadawa a waɗansu ƙasashe, ba a sake ganin irin wannan ragi ba, shi ya sa yau ake haɗa su ba fargaba in yaro ya makara. Abin lura a nan shi ne, ba a haɗa allura biyu a jadawali don kawai a rage wa ma'aikata aiki. Sai an kasa yara kashi kashi, waɗannan a yi musu tare, waɗancan a raba musu, sa'an nan a ɗebi jini a gwada.

Yadda jiki ke karɓa

Allurar rigakafi ba magani ba ce irin na zazzaɓi, wanda in ka sha biyu ya yi maka yawa. Ƙwayar cuta ce aka raunana ta, ko aka kashe ta, ko aka ɗebo wani ɗan yanki nata, a nuna wa jiki don ya san kamanninta ya tanadi sojojin da za su tare ta ranar da ta gaskiyar ta zo. Sojojin nan kuwa ba runduna ɗaya ba ce. Waɗanda ke gane ƙyanda dabam, waɗanda ke gane shawara dabam, kowa da abokin gabarsa, kamar yadda a kasuwar Mile 12 saukar da motar albasa ba ta hana 'yan tumatir sauke tasu.

Ban da haka, tun daga ranar da aka haifi yaro jikinsa ke wannan aiki. Yana rarrafe a tsakar gida, yana kai duk abin da ya samu baki, ƙwayoyi iri iri suna shiga, jiki yana koyonsu ba wanda ya sani. Wani likitan yara na birnin Filadelfiya a Amurka, Dokta Paul Offit, shi da abokan aikinsa sun yi lissafi a 2002 cewa bisa ga yawan sojojin da ke cikin jinin jariri, zai iya amsa rigakafi kimanin 10,000 a lokaci ɗaya. Lissafin takarda ne, ba wanda zai gwada, amma ya isa ya nuna uku ba wani kaya ba ne.

Kuma ma dai uwar da ke tsoron uku a wata tara ta manta abin da ya wuce. Allurar da ake kira fenta, wadda ake yi a cinya a mako 6 da 10 da 14, rigakafin cuta biyar ce a sirinji ɗaya: mashaƙo, da tarin shiƙa, da sarƙewar haƙora, da ciwon hanta, da wata ƙwaya mai kawo ciwon huhu da sanƙarau ga jarirai. Tun 2012 ake yin ta a ƙasar nan. A ranar ne kuma ake yin ta ciwon huhu a ɗaya cinyar, a ɗiga ta shan inna a baki, daga 2022 kuma aka ƙara ɗigon rigakafin gudawa. Yaron da ya kai wata tara ya riga ya ɗauki abin da ya fi wannan tun yana ɗan kwana arba'in da 'yan kai.

Inda ragin yake

To, amma kada in yi wa mai karatu daɗin baki. Akwai inda haɗawar ke rage wani abu, kuma ya faɗo daidai a kan allurar wata tara.

Ta ƙyanda da ta shawara duka masu rai ne, watau ƙwayar tana nan da ranta, an dai karya mata ƙarfi. A ƙasar Barazil ana haɗa rigakafin ƙyanda da na hangum da na rubela, wadda ake kira ƙyandar Jamus, a allura ɗaya. A wani bincike da aka buga a 2011, an yi wa waɗansu yara 'yan shekara ɗaya wannan haɗi tare da ta shawara a rana ɗaya, waɗansu kuma aka raba musu da kwana 30. Ta ƙyanda ba ta girgiza ba, ta kama fiye da kashi 98 cikin ɗari a kowane ɓangare. Amma ta shawara ta kama kashi 70 ne ga waɗanda aka yi wa tare, alhali ga waɗanda aka raba wa ta kama kashi 87. Ta rubela ma kashi 90 ne da 97. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, ya kuwa tayar da hankalin masana.

Sai aka sake gwadawa a Gambiya, kusa da mu, a kan jarirai 1,504 'yan wata tara zuwa goma, aka buga sakamako a 2016. A can an tarar yawan sojojin shawara da na rubela a cikin jini ya ɗan ragu in an yi tare, amma yawan yaran da allurar ta kama jikinsu bai faɗi ƙasa da abin da ake nema ba. Ta sanƙarau kuwa, wadda ba mai rai ba ce, an gwada ta tare da sauran alluran jarirai a Navrongo ta arewacin Gana da kuma Bamako ta Mali, ba a ga ta taɓa su ba, su ma ba su taɓa ta ba. Bayan haka ne ta shiga jadawalin Nijeriya a 2019.

A watan Oktoba na 2018 kwamitin masana da ke ba Hukumar Lafiya ta Duniya nasiha a kan rigakafi ya zauna ya duba waɗannan bincike, ya yanke a ci gaba da yin su rana ɗaya. Hujjarsu kuwa ita ce, ɗan abin da za a ƙaru da shi in an raba bai kai asarar yaran da za su tafi ba su dawo ba. Wannan hukunci ya ƙara shafarmu yanzu, domin a watan Oktoba na 2025 Nijeriya ta fara yi wa yara daga wata 9 zuwa shekara 14 allurar da ta haɗa ƙyanda da rubela.

Ni a ganina masanan nan sun yi gaskiya, kuma duk wanda ya san zaman baƙunta zai ga haka. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a ƙasar nan a 2018 ya nuna kashi 31 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan shekara ɗaya zuwa biyu suka sami dukan muhimman alluransu, kashi 19 kuwa ko ɗaya ba a yi musu ba. Yawancin waɗanda suka tsaya a hanya ba ƙin allurar suka yi ba. An ce su dawo ne, sai kuɗin mota ya gagara, ko maigida ya bi motar shanu, ko aka yi rasuwa a gida aka kwashi iyali aka tafi, sai bayan damina. Ga kuma wata matsala da iyaye ba su cika sani ba. Kwalbar rigakafin ƙyanda da ta shawara ta yara da yawa ce, wadda aka saba gani ta yara 10 ce, in kuwa aka buɗe aka dama ta, bayan awa shida sai zubarwa. Shi ya sa ƙananan asibitoci da yawa suke keɓe mata rana, ba su buɗewa sai yara sun taru. Uwar da ta bar ranarta ta wuce tana iya zuwa sau biyu a ce mata ba yau ba.

"Wani mako" shi ne mafi muni

Akwai kuma ƙa'idar da ta rushe dabarar nan ta a yi ɗaya yau ɗaya wani mako. Allura biyu masu rai, ko dai a yi su rana ɗaya, ko a bar mako huɗu cif tsakaninsu. Tsakiyar nan ita ce ba a so. Dalili, in aka sa ƙwaya mai rai a jiki, bayan 'yan kwanaki jiki yakan fitar da wani sinadari mai hana kowace irin ƙwaya yaɗuwa, har da baƙuwar da aka kawo daga baya don ta koya masa darasi. In sun shigo tare, kowace ta riga ta kama wurinta kafin a rufe ƙofa. In ɗaya ta makara da mako guda ko biyu, sai ta tarar da ƙofa a rufe.

Tun 1965 waɗansu likitoci a Amurka suka lura lambar agana ba ta cika kamawa ba ga yaran da ba a daɗe da yi musu ta ƙyanda ba. A 2001 kuma aka sake gani a can, yaran da aka yi wa rigakafin ƙarambau kafin kwana 30 su cika bayan ta ƙyanda, sun fi sauran kamuwa da ƙarambau ninki biyu da rabi, alhali waɗanda aka yi wa rana ɗaya ba abin da ya same su. Ba a kan kowace allura biyu masu rai aka ga haka ba, amma ƙa'idar ta game duka, malamar asibiti kuwa ita za ta bi. Ashe ke nan uwar da ta ce wani mako, wata guda ta saya wa ɗanta ba rigakafi. Ɗigon baki irin na shan inna ba ya cikin wannan ƙa'ida, haka kuma alluran da ba masu rai ba, su ana yinsu kowane lokaci.

Zazzaɓin da ke biyo baya

Game da wahalar da yaro zai sha, gaskiya ce wurin allura uku ya fi wurin allura ɗaya ciwo, kuma akwai haɗin da kan sa zazzaɓi ya ɗan fi yawa. Amma wanda ya raba su ma bai tsira ba, ya dai raba kukan ne gida uku. Abin da ya kamata iyaye su sani shi ne kowace allura da lokacinta. Wadda ba mai rai ba, zafin jiki da kumburin wurin a rana ta farko ko ta biyu suke zuwa su wuce. Ta ƙyanda kuwa sai bayan kwana 7 zuwa 12 take kawo zazzaɓi, ga yara 5 zuwa 15 cikin ɗari, wani ma har ya yi 'yan ƙuraje. Sau da yawa a nan ne ake cewa allura uku ce ta taru ta kwantar da yaro, alhali ko ita kaɗai aka yi haka za ta yi.

In jiki ya yi zafi a ci gaba da ba shi nono da ruwa, a rage masa tufafi, a ba shi farasitamol na yara gwargwadon yadda malamar asibiti ta faɗa. Kada a ba shi tun daga gida kafin allura don wai a tare zazzaɓi, domin wani bincike da aka yi a ƙasar Cek a 2009 ya nuna yin haka yana rage yawan sojojin da jiki ke tarawa. Kada kuma a gasa wurin ko a shafa masa wani abu. Amma fa zazzaɓin da ya yi tsanani, ko ya wuce kwana biyu, ko ya zo da jijjiga, ko yaro ya ƙi nono, a kai shi asibiti a duba jininsa. A ƙasar da sauro ya yi yawa kamar Kurmi, zazzaɓin cizon sauro ba ya jiran allura ta gama aikinta, kuma an sha ɗora wa allura laifinsa har lokaci ya ƙure.

Akwai wanda jikinsa ke ƙin allura nan take, numfashi ya sarƙe, fuska ta kumbura. Wannan kimanin sau ɗaya ne cikin allura miliyan, kuma cikin 'yan mintoci yake faruwa, shi ya sa ake cewa a ɗan zauna kafin a tafi. Kada a yi gaggawar kama mota. Yaron da ƙwai ke tayar masa da irin wannan, ko wanda wata babbar cuta ta karya masa garkuwar jiki, lalle a faɗa wa malamar asibiti kafin a taɓa shi, sabo da ta shawara a cikin ƙwan kaza ake renonta. Mura kuwa, ko ɗan tari, ko ɗan zawo, ba su hana allura.

Uwa tana da abin da za ta sa wa ido da kanta, ko da ba ta jin Turanci ko Yarbanci. Kowace allura da sabon sirinjinta, a gabanki za a ɓare shi. Ba a zuƙo biyu a haɗa a sirinji ɗaya, sai irin fenta da tun daga masana'anta aka haɗo ta. Kowace kuma da wurinta, ɗaya a wannan dantse, ɗaya a wancan, ɗaya a cinya, in kuwa dole biyu su haɗu a gaɓa ɗaya a bar tazarar inci guda tsakani. Amfanin haka, in wuri ya kumbura an san wadda ta jawo.

Manya ma abin ya shafe su. Maniyyacin da aka ce ya yi ta shawara da ta sanƙarau kafin a ba shi katin nan mai ruwan ɗorawa yana iya yinsu rana ɗaya, ya dai tabbata ya yi da sauran aƙalla kwana 10 kafin tashi. A Birtaniya kuma a 2021 an gwada allurar korona tare da ta mura a kan manya 679, ba a ga wata illa ba, ba a kuma ga ɗaya ta kashe ƙarfin ɗaya ba.

Saura maganar kati. Matanmu da yawa gida suke komawa haihuwa, a fara wa jariri allura a Katsina ko Sakkwato, bayan an gama wanka a dawo Ikko, katin kuwa yana can cikin kwallar kaka. Jadawalin ɗaya ne a ƙasa duka, katin Gusau yana aiki a Fatakwal, alluran kuma kyauta ne a asibitin gwamnati. Yaron da aka tsallake masa wata biyu ko biyar ba a komawa da shi farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa, kuma duk waɗanda ake binsa ana iya biya masa su a zama ɗaya. Bayan ta wata tara akwai ta ƙyanda ta biyu a wata 15, ita ce ke kama yaran da ta farko ba ta kama jikinsu ba. Wanda zai tura iyali gida kafin lokacin ya sa katin cikin jakar goyo, ya kuma ɗauki hotonsa a waya.